Kwalba Biyu Zuwa Babura

Ammariyya, Jidda
3 ga Rajab

Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya Baba, ya Zakiya da yaranta? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Na san muna waya, amma wata huɗu ke nan Baba ba ya karɓa, shi ya sa na koma takarda. Zakiya, ki karanta da ƙarfi lokacin da yake zaune bakin rumbu yana tufkar igiya. Ba sai ya amsa ba.

Inna, na ga teku. Wallahi ruwa ne har iyakar ganin ido, babu ɗaya gefen. Ni da na tashi ina kallon ubana yana shiga ƙasa gaba talatin don a sami guga ɗaya, sai na tsaya ina ta subhanallahi har abokin aikina Abdulwahid ya ja rigata yana cewa yalla, mota za ta tafi. Bahaushe ne, amma a unguwar Hindawiyya nan Jidda aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce.

Garin nan ba kogi, ruwan sama kuwa sai an yi sa'a, amma miliyoyin mutane na sha suna wanka. Tekun suke sha, Inna! Aikinmu ke nan. Muna jawo shi ta bututun da mutum zai shiga a tsaye, a matsa shi ta matata, gishiri ya tsaya, ruwa ya wuce. Kullum ina gani, kullum sai na yi mamaki.

Ranar da zan taho Baba ya ce na guje wa haƙar rijiya, sana'ar kakanninmu, na tafi gadin famfon Larabawa. Maganar tana cina har yau. Ga kwalba biyu nan ta hannun Hajiya Mairo da ta gama umra. Mai jan murfi ruwan teku ne, mai farin murfi shi ne dai bayan ya bi ta hannunmu. Na Baba ne. Shi da ke kurɓar ruwa ya faɗi unguwar da rijiyar take, ya ɗanɗana mini wannan.

Ɗanki,
Rafi'u

20 ga Rajab

Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gaishe da mutanen gida duka, musamman waɗanda na shayar ban sani ba.

Zakiya ta ba ni labari, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ashe Hajiya Mairo kwalaben kawai ta miƙo, takardar ta maƙale a wata jakar sai bayan kwana uku. Ke kuma Inna, kina ganin ruwa daga Saudiyya kika ce zamzam ne, kika buɗe mai jan murfin kika tara matan unguwa. An ce kowacce ta miƙe tsaye ta fuskanci gabas ta yi bisimilla ta haɗiye cokalinta, fuska a yamutse, ba wadda ta yarda ta ce uffan. Gwaggo Tani ma wai washegari bayanta ya saki. Kada ki ji kunya, da kyakkyawar niyya suka sha.

Amma dariyar ba ta daɗe mini ba. An ce Baba ya kurɓa ya tofar, ya ce wannan ba daga rijiya ya fito ba, ko zartsi bai kai shi ba. Da aka karanta masa takardar sai ya karɓi mai farin murfin, ya riƙe ruwan a baki ya daɗe, ya shige ɗaki da kwalbar. Wannan ya fi faɗansa ba ni tsoro.

Ran Juma'a na zaga Balad, tsohon gari. Gidaje ne hawa huɗu, hawa biyar, da dutsen da aka haƙo daga cikin teku, har sawun ƙananan halittun ruwa ana gani a jikin bango. Na ɗora hannuna a kai, ba wanda ya faɗo mini a rai sai Baba. Ki taya ni ba shi haƙuri.

Naki,
Rafi'u

2 ga Sha'aban

Baba,

Ina gaisuwa cikin ladabi, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Saƙonka ya iso ta bakin Zakiya. Ka ce shekara hamsin kana ɗanɗana ruwa ba ka taɓa kasa gane asalinsa ba sai wannan. Ka ce ruwan ba laifi, amma bai gama ba, don babu ƙasa a cikinsa.

Baba, da na ji haka sai da na nemi wuri na zauna. Gaskiyarka ne. Bayan an tace, akwai mataki na ƙarshe da ake bi da ruwan ta cikin tsakuwar farar ƙasa, ya ɗauko ɗanɗano kafin ya shiga gari. Ni kuwa garin ɗoki na ɗebo maka kafin wurin. Na gaya wa shugaban sashenmu, Abdulwahid yana fassarawa. Mutumin ya cire tabarau ya tambaya a wace jami'a ka koyar. Na ce a cikin rami, gaba talatin. Ya ce in gaishe ka, ya kira ka ustaz.

Jiya da wayata ta yi ƙara na zaci Zakiya ce, sai na ji muryarka. Ka ce, "Rafi'u, tekun nan naka gaba nawa ne?" Kuka ya ci ƙarfina har ka gaji ka miƙa mata wayar. Ka yafe mini.

Yau na tambayo. A tsakiya ya haura gaba dubu. Duk igiyar da ka tufka tun kana saurayi, in an haɗa, ba na jin za ta taɓa ƙasa. Na fara nema maka takardun umra, ka zo ka gani da idonka. Ga wata kwalbar nan kuma, wannan karon na bari ya gama. Ka ɗanɗana ka faɗa mini ko aikin ya yi.

Ɗanka, kuma yaron aikinka,
Rafi'u