Bakan da Baba Ya Ɗaura

Tsohon Birnin Gwari, 2 ga Maris, 1954

Zuwa ga ƙanena Bakoji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Malam Yero ne ke rubuta mini, ka san hannuna laka ya iya, bai iya alƙalami ba.

Tun da ka tafi Zariya ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo. Cocin barikin zinariya da muka gina tare da Baba ya tsage. Da zinariya ta ƙare Turawa suka kwashe nasu ya nasu, lebura suka watse, Fada, limamin cocin, ya koma Kaduna. Yanzu ba mai shiga sai jemagu da awakin Fulani. Ni kaɗai nake masa yaɓe kafin ruwa, yadda Baba ya riƙa yi har ya rasu. Bana kafaɗata ta ƙi.

Ka tuna hoton da Fada ya kawo na cocin garinsu, na dutse, goshinsa a nannaɗe kamar ƙahon rago? Baba ya juya hoton sama da ƙasa ya ce, "Mutanen nan sun yi faɗa da miƙaƙƙen layi." Ya fitar da shi da tubali da azara, hasumiya biyu, da taga mai siffar ƙwai. Kai ka zana furannin bakin ƙofa, suna nan har yau.

Tsagar tana kan babban bakan ginin, wanda ya lanƙwaso ya ɗauke rufin. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a sama, ɗaya na jefa masa laka daga ƙasa. Mutanen gari ba za su taɓa ba. Ka zo kafin ruwa ya sauka.

Yayanka,
Dabo

Tudun Wada, Zariya, 20 ga Maris, 1954

Zuwa ga Yaya Dabo,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, takardarka ta iso, na kuwa fahimci abin da ke cikinta.

Ba zan zo ba. Ginin nan ne ya sa aka daina kiran Baba gyaran masallacin Juma'a. Shi ya sa yara suka riƙa bin mu suna cewa "maginan Fada". Na tambaye shi dalili, ya yi mini shiru, shirun nan ne ya kore ni daga gida. Mutumin da ya gina soron hakimi bai rasa abinci ba, balle a ce yunwa ce ta kai shi.

Yanzu ɗinki nake yi, ina da almajirai a shago, ba wanda ya san na taɓa riƙe laka. Ƙasa ce, Yaya. Ka bar ta ta koma inda ta fito, ka huta da kafaɗarka.

Ka gai da matarka Huraira da yara.

Ƙanenka,
Bakoji

Tsohon Birnin Gwari, 9 ga Afrilu, 1954

Bakoji,

Ina gaishe ka. Na ji daɗi ka zama tela, dama tun kana yaro ka fi son inuwa.

Baba ya hana ni faɗa maka wannan, amma na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai. Shekarar ɗiban gwamna, da ake kwasar samari zuwa haƙar kuza a Jos, kana cikin waɗanda dagaci ya ware. Baba ya je wurin Baturen bariki, wanda ya daɗe yana nemansa ya yi ginin yana ƙi. Ya ce ya yarda, in za a bar masa kai a matsayin mai jefa laka. Aka bar ka.

Amma gurbi ba ya zama haka nan. Gambo aka ɗauka, abokinka, ɗan Inna Talatu. Ka san sanyin dutsen Jos ya kashe shi kafin shekara. Da wane baki Baba zai gaya maka? Duk yaɓen da ya yi wa ginin nan bai taɓa karɓar lada ba. Ya ce mini abin da aka saya da ran ɗan mutane ba a barin ruwa ya cinye shi.

Inna Talatu tana nan, ta makance, kullum sai ta tambaye ni lafiyarka. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Damari. Na jiƙa makubar ɗorawa ta yaɓe, na tara ƙasa.

Yayanka,
Dabo

Zariya, 27 ga Afrilu, 1954

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta, na kasa cin abinci. Na je bakin shago na zauna kamar baƙo. Me ya sa kuka bar ni ina zaginsa a zuciyata har aka binne shi ban zo ba?

Akwai rigunan mutane a hannuna, ina gamawa zan hau motar Funtuwa. Kada ka hau ginin nan kai kaɗai, don Allah. Ka cuɗa ƙasar da ciyawa ka rufe ta, ina tafe.

Ƙanenka,
Bakoji

Tsohon Birnin Gwari, 6 ga Mayu, 1954

Ƙanena,

Ina amsa gaisuwarka. Takardarka ta iso ranar Talata. An yi ruwa ranar Lahadi, bakan ya faɗi da hantsi, ya ja rufin gaba ɗaya. Ina tsaye ina kallo, ba abin da na iya yi. Mutane sun fara ɗibar azara, ban hana su ba.

Ka zo duk da haka. Ni ban faɗi ba tukuna.

Yayanka,
Dabo