Tafinta a Gaban Baba

Litinin, 4 ga Maris, 1974

Hedimasta ya kira ni ofis. Wai mutanen gidan rediyo za su je Farin Dutse ɗaukar shirinsu na hira da masana, tare da wani Dakta Adebimpe, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ba ya jin Hausa, ana neman tafinta. Na ce ai garinmu ne, wa za a nema bayan ni? Duk da a Birnin Kudu nake koyarwa, amma a can aka yanke cibiyata. Raina ya yi fari, ba zan ɓoye ba. Ni ma a ji muryata a akwati.

Alhamis, 7 ga Maris

Na iso gida. Rijiyar masallaci ta ƙafe, ta kasuwa sai taɓo. Gida tara sun kulle sun tafi. Injin haƙa rijiyar burtsatse zai zo, amma rami ɗaya tak ake yi wa kowane gari, daga nan ya wuce Basirka. In aka kuskure wurin, shi ke nan.

Na gaishe da Baba daga bakin zaure, ya amsa yana kallon bango kamar kullum. Ni ne ɗan fari. Tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, sai "wancan".

Juma'a, 8 ga Maris

Gwaggo Batulu, ƙanwar Baba, ta tare ni. Ta ce, "Ƙasimu, baƙin nan za su so jin ta bakin mahaifinka, shekara hamsin yana haƙar rijiya. Ka nemo musu wani tafinta. Kai ka san ba ya zance a gabanka."

Na yi dariya. Na ce Gwaggo, zamani ya wuce nan, har wata an je an taka. Ta ce to, Allah ya kyauta.

Asabar, 9 ga Maris

An yi hirar a gindin tsamiya. Malam Abdulsalami na rediyo ya kafa rakoda. Dakta mutum ne mai natsuwa, ya yi bayani yadda ruwa ke kwanciya a tsagar dutse, ni kuwa ina ta zuba Hausa, mutane na gyaɗa kai. Ya ce awonsa ya nuna wuri biyu: bayan makaranta, da can wajen kanya a hanyar fadama. Ya ce na'ura ba ta rantsuwa, yana son ra'ayin mutanen gari.

Abdulsalami ya fara miƙo mini abin magana. Na ce bayan makaranta, mana! Ga kusa, ga hanya, baƙo ya zo ya ga ci gaba. Na tsawaita bayani sosai.

Sai aka juya ga Baba. Dakta har ya sauko daga kujera ya zauna kan tabarma kusa da shi. Na maimaita tambayar. Baba ya sunkuyar da kai, yana wasa da tsinke a ƙasa. Aka jira. Ya ce, "To." Dakta ya sake tambaya, na sake faɗa da ƙarfi kamar ina aji. Ya ce, "To, madalla."

Kunya ta kama ni. Na ce wa Dakta tsoho ne, ya gaji.

Laraba, 20 ga Maris

Inji ya fara aiki bayan makaranta. Na koma aji.

Talata, 26 ga Maris

An sa shirin da la'asar. Muryata ta fita tar. Malamai suka yi ta tafa mini a ɗakin hutu. Na Baba kalma uku.

Juma'a, 29 ga Maris

Kwana tara. Garin dutse kawai ramin ya fitar, ba ruwa. Sun naɗe kayansu sun tafi Basirka.

Asabar, 30 ga Maris

Na je gida. Ba wanda ya ce da ni uffan, wannan ya fi zagi ciwo. Mata na dawowa daga Gwaram da tuluna tun hantsi, ƙafafunsu duk faso.

Gwaggo ce ta faɗa mini, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba. Ashe Baba ya taɓa haƙa a bayan makarantar nan tun ina goye, a zurfin gaba shida ya tarar da falalen dutse, ya binne. Na ce to me ya hana shi faɗa? Ta ajiye rariya. "Ya ƙaryata ɗansa na fari a gaban baƙi, kuma ta bakin ɗan za a juya maganar? Kai ka riga ka yi magana. Da me zai buɗe baki?"

Na ce wannan al'ada ta cuce mu. Ta ce, "Al'adar ba ta ɓoye maka kanta ba. Ranar Juma'a na faɗa maka."

Haushi nake ji. Na Baba, na Gwaggo, na garin duka. Ƙarya nake, na san na wa.

Laraba, 3 ga Afrilu

Baba ya shiga rami a wajen kanya, da diga da ƙwarya. Mutum mai shekara saba'in. Na nemi hutun kwana ashirin, na ce ba ni da lafiya.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ina jan igiya. Tafin hannuna ya saɓule. Daga ƙasa yakan ce, "Mai igiya, a ja." Ya san ko wane ne.

Na rubuta wa Dakta wasiƙa, na faɗa masa abin da ya faru. Sau uku ina yagawa kafin na aika.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Gaba tara. Yashin da ya fito jiya da danshi, yau in ka matse yana ɗiga. Baba ya ce a gaya wa masu shirin tafiya su dakata.

Dakta da Abdulsalami sun dawo da rakodarsu. Na kawo musu malamin asibiti ya yi tafinta. Na ce kaina na ciwo, wataƙila ma da gaske ne. Na zagaya bayan zana na zauna a ƙasa.

Baba ya yi magana har faifai ya ƙare aka juya. Yadda saiwar kanya ke bin ruwa, yadda ake ɗanɗana ƙasa, rijiyoyi arba'in da ɗaya kowace da sunan garinta. Ya kwaikwayi wani dagaci da ya faɗa rami, Dakta ya yi dariya tun kafin a fassara masa. Sai Dakta ya tambaya ko akwai wanda ya koya wa sana'ar. Baba ya ce, "Akwai wani mai jan igiya. Hannunsa bai yi kanta ba tukuna, amma ba ya saki."

Shekarata talatin da huɗu. Ban san Baba yana da ban dariya ba.

Gobe in sha Allahu zan sauka ramin, in ya bari.