Takalmin Balbela a Bakin Jirgi

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa ga mai dogon ƙishi, uwar 'ya'yana kuma ma'ajiyar sirrina! Gaisuwa gare ki mai yawan ganyen da iska take tarawa a bakin tagata, da begen da ya fi ƙarfin wannan takarda.

Saƙon muryarki ya same ni ina cire farar rigar aiki a ɗakin gwajin jini. Na saurare shi a tsaye, na sake saurarensa a zaune. Kin ce kun yi shawara da Inna: ke da babbarmu Malama za ku zo mini hutun nan, autarmu Balbela kuma a bar ta wurin kakarta, domin ƙasar da ba a zuwa ko'ina sai da jirgin ƙasa ba wurin yarinya mai ƙarfe a ƙafa ba ce. Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, tausayin jika ne ya sa ta faɗa, ban ga laifinta ba. Amma ke, rabin raina, da wane baki kika iya maimaita mini? Wane gida ne ake kawo wa mai shi rabi a ce masa ga iyalinka?

Bari in gaya miki abin da nake ɓoye miki don in ba ki mamaki, tunda mamakin yana neman lalacewa.

Tun ranar da takardunku suka fito ban ƙara barcin rana ba. Duk ranar hutuna, abokan aiki na sharar barci, ni ina tasha. Duk inda na yi niyyar kai ku, sai na fara zuwa da ƙafata, domin gani ya kori ji. Na gano jirgin sassafe na ma'aikata ne, a cushe yake, kowa fuska a murtuke, to mu sai rana ta ɗaga za mu fita. Na gano taragon da ke da kujeru masu kallon juna da ɗan tebur a tsakiya, kusa da banɗaki mai faɗin ƙofa. Na ma san ɓangaren da za a zaunar da Malama, sarkin gyara wa manya magana, don kada ta ba hanya baya zuciyarta ta tashi. Ba sai na faɗi wurin wanda ta gado wannan ba, kin san kanki.

Akwai wani ɗan gari mai tafki, tafiyar ba ta kai a gaji ba. Daga tasha zuwa bakin ruwa hanya a shimfiɗe take, babu matakala ko ɗaya, kuma agwagin wurin ba su da kunya, har cikin jaka suke leƙawa. Akwai wata gona da ake barin yara su ba 'yan tumaki madara da kwalba. Bakin teku kuwa na soke shi, ko da yake na san ke shi kike so, hasken zuciyata. Jirgin yana shiga wani dogon rami a ƙarƙashin dutse, kunne ya toshe, taga ta yi baƙi ƙirin, sannan lif ɗin tashar, mai hawa da sauka da mutane, a lalace na same shi. Na tsaya ina kallon matakalar nan kamar mai kallon maƙiyinsa. Ki yafe mini tekun, zan biya ki da wani abu.

Da kin ga mijinki a cikin tarago da kin rufe fuska don kunya. Nakan durƙusa a gaban kujera in daidaita idona da inda nake zaton idon Balbela zai kai, don in san ko za ta ga shanu da bishiyoyi ko kuwa bangon ƙarfe kawai za ta yi ta kallo. Mutane suna satar kallona suna matsawa gefe. Su matsa! Wanda bai haifa ba bai san hauka ba.

Kin tuna ranar da zan taho, da kika naɗe ɗan takalmin Balbela na ƙafar dama a cikin ɗankwalinki kika tura ƙasan akwatina ba ki ce komai ba? Shi ne ma'aunina. A kowace tasha akwai rata tsakanin bakin dandamali da ƙofar jirgi, wata ƙarama, wata kuwa sai gaban mutum ya faɗi. Da zarar jirgi ya tsaya sai in sunkuya in gwada takalmin a kan ratar. Inda ya haye har ya yi saura, in ce mun samu. Inda ya yi kamar zai zurma, in yi wa tashar sallama har abada. Da wannan ɗan takalmi na yanke wa garuruwa hukunci, na kori wasu, na yafe wa wasu.

To, abar ƙaunata, ga abin da ya hana ni sukuni. A hoton da kika turo na Malama da kayan makaranta, can bayanta a bakin ƙofa na hango wasu takalma, ɗaya da ƙarfe a jikinsa. Na tambaye ta ta waya ko wata baƙuwa kuka yi. Ta yi mini dariya irin tata, ta ce ai na Balbela ne, kuma har sun fara matse ta. Na ɗauko wanda ke wurina na ɗora a tafin hannuna. Wayyo ni! Ashe duk yawon nan ƙafar yarinyar da na baro nake aunawa, alhali wadda ke gida ta daɗe da wuce wurin. Ashe durƙuson da nake yi a bakin taga ma ya yi ƙasa. Na san ratar kowace tasha a yankin nan, amma ban san girman ƙafar 'yata ba.

Za ki ce ai abin murna ne, ƙafa ta girma rata ta ragu. Haka ne. Amma ni tsoro ne ya kama ni, kuma zan faɗa miki shi tsirara. Ina tsoron yarinyar nan ta manta ni. Kina gani da idonki, idan na kira da bidiyo sai ta laɓe a bayanki, sai kin ce ta gaida Baba sannan ta gaishe ni kamar mai gaida likita. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, na sani, kuma don su na bar shi. Amma in hutun nan ya wuce ba ta zo ba, sai yaushe? Malama za ta koma da labarin agwagi da 'yan tumaki, ita kuma ta zauna tana saurare, ta gane cewa ƙafarta ce ta sa aka bar ta. Yarinyar da ta ga balbela tsaye da ƙafa ɗaya ta ce ga 'yar'uwarta, ta raɗa wa kanta suna tana dariya, ita ce za mu koya wa cewa akwai inda irinta ba sa zuwa?

Ki tuna ranar da aka fara ɗaura mata ƙarfen nan, ya ke tauraruwar asubata. Kin durƙusa a wancan ƙarshen falo, na durƙusa a wannan, ita tana tsaye a tsakiya. Ni ne na karaya na miƙa hannu zan ɗauke ta. Ke kika harare ni, hawaye na zuba a kumatunki, kika girgiza mini kai. Ta tako, ƙarfen yana ƙara a kan siminti, ta tako, ta faɗo ƙirjina. A ranar na san na auri macen da ta fi ni zuciya. Ina wannan zuciyar ta tafi? Ko kuwa ni na tafi da ita a akwati, na bar ki da ɗawainiya ke kaɗai har kika gaji? In haka ne, ki zo ki sauke mini kayan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga alkawarina. Ba za mu hau jirgi muna sauri ba, in wannan ya wuce wani na tafe. A kowace ƙofa ni zan fara sauka in juyo, ke kina bayanta, kamar yadda muka yi a falo. In ta gaji mu koma gida ko da ba mu ga agwagwa ko ɗaya ba. Inna kuma ki bar ni da ita, zan kira ta da kaina in roƙe ta da ladabi.

Abu ɗaya nake roƙo kafin ki ba ni amsa. Ki shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ki tsayar da Balbela a kai da takalminta, ki zagaye ƙafar da biro, ki aiko mini. Zan koma tashoshin nan in sake awo tun daga farko, wataƙila ma wasu garuruwan da na kora su samu afuwa. Idan ta tambaye ki wa ke so, kada ki ce wani mutum ne a cikin waya. Ki ce mata Babanta ne, yana bakin jirgi yana jiranta.

Naki ke kaɗai, jiya da yau da sauran numfashin da Allah ya rage mini,

Baban Balbela