Naman da Ke Cikin Wuri

Zuwa ga abokina marigayi, Tanko ɗan Bawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana kwance lafiya, ni ne Audu mai hujin wuri, kuɗinmu na dā. Ka san ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne Malam Isa na rubutawa, kuma na ce a karanta wasiƙar nan ranar Juma'a a ƙofar masallacinmu na Tudun Wada, kowa ya ji.

Ka tuna shekarar da ka dawo daga Makka a ƙafa, tun Nasara ba su zo ba. Muna zaune a rumfata cikin birni, ka ɗauki wuri guda ka ce ka gan shi da rai a bakin bahar, wajen Sawakin. Ka ce 'yar katantanwa ce, tana maƙale ƙarƙashin duwatsu inda ruwa bai kai gwiwa ba, tana fito da namanta ta lulluɓe bayanta, shi ya sa yake sheƙi.

Na yi dariya. Ubana ya ce mini haƙo shi ake yi kamar kanwa, ni kuma sana'ata ke nan, kullum ina huda wa dukawa shi. Na ce wanda ya shirga wannan, Makkar ma sai an bincika. Magana ta bi gari. Aka daina ce maka Alhaji, aka koma Tanko Katantanwa. Ba ka yi musu ba. Iyakar abin da ka ce: "Audu, idona ne ya gani."

To ga abin da ban taɓa faɗa ba. Bayan damina biyu aka kawo mini sabon buhun wuri. Na fasa bayan wani, sai ga busasshen nama a naɗe ciki, da ƙarni irin na kifi. Na fasa wani, haka. Na share su na zubar bayan katanga. Ka yi shekara goma sha ɗaya bayan wannan kana wucewa ta rumfata, muna gaisawa.

Yanzu kwabo ya kori wuri, har a daɓen ɗaki ake liƙa shi. Duk waɗanda suka zauna a rumfar nan sun riga ni gidan gaskiya. Shekaranjiya na ji 'yarka Hajara tana gaya wa 'ya'yanta wai kakansu bai je ko'ina ba, labari ne kawai. A bakin mutane ta tashi ta ji, su kuma a bakina.

Har yau ban ga bahar ba, kuma faɗin nan da ka ce yana da shi, ina da ja. Amma wuri halitta ce mai rai. Gaskiya ka faɗa, na sani, na yi shiru. Makka kuwa ka je, ban taɓa samun dalilin shakka ba. Hajara tana jina: yaran nan jikokin Alhaji ne.

Allah ya karɓi hajjinka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka yafe mini kafin in iso.

Naka,
Audu