Wa Zai Ɗaura Mini Jar Ɗamara?

Gwaggo Evdokiya, ki taimake ni kafin in yi wa wata tsohuwa rashin kunya. Aurena da Sabas ya matso, a ƙauyenmu na gefen Pafos. Mun je gwajin jinin da coci ke nema kafin aure, aka ce shi yana ɗauke da irin talasimiya, wani ciwon jini na gado, ni kuwa ba ni da shi. Likita ya ce mu je mu sha bikinmu.

To, kakar Sabas ta ce sam ba ta yarda ba. Hujjarta ƙanena Neofitos, wanda aka haifa da larurar Down, mai jinkirta girman yaro da koyonsa. Wai likita bai gan shi ba ne, jininmu ɗaya, in nasu ya haɗu da namu asibiti zai zama gidanmu. Ta binne ƙannenta biyu da talasimiya ta kashe tun suna yara, shi ya sa nake haɗiye magana. Amma yanzu ta ce kada Neofitos ya shiga cikin 'yan uwa masu ɗaura mini jar ɗamara ranar biki ana kiɗan goge, kamar yadda al'adarmu take, kada dangi su gan shi su fara ƙus-ƙus. Shi kuwa tun bara yake gwadawa a ƙugun mahaifiyarmu. Sabas sai sosa ƙeya yake, wai in yi haƙuri da tsohuwa. Ni ba zan ɓoye ƙanena ba, ko da auren zai watse. Abin da ke ci mini rai, ta fara sa ni shakka. Anya ba ta da gaskiya?

Amarya mai zafin kai, Pafos

'Yata, tsohuwa tana da dalilin tsoro, amma ba ta da gaskiya. A zamaninta duk abin da aka haifi yaro da shi sunansa jini, sai ta zuba abu biyu a kwando ɗaya.

Ki ɗauka gadon halittarmu sarƙoƙin wuya ne guda arba'in da shida, kowacce da duwatsu jere. Sarƙar ita ce kuromosom. Talasimiya dutse ɗaya ne ya tsage, kuma sai yaro ya karɓi tsagaggen daga uwa da uba duka ciwon ke kama shi. Naki lafiya lau yake, don haka iyakarta wani cikin 'ya'yanku ya ɗauki irin kamar ubansa, ya yi rayuwarsa garau. Neofitos kuwa sarƙa guda ce ta ƙaru masa. Galibi haka nan take faruwa, ba gado ba, kuma ta fi zuwa in uwa ta manyanta. Babu inda nasa ke haɗuwa da na Sabas.

Akwai wani nau'in Down ɗan kaɗan da ke bin dangi, kuma gwajin da kuka yi ba ya duba shi. Ki je wurin likitan cututtukan gado ya duba sarƙoƙinki, ki huta da shakka. Ki tafi da kakar, ta ji da kunnenta, ki bar ta ta faɗi sunayen ƙannenta in ta so. Sabas kuma ya sauke hannu daga ƙeya, kakarsa ce, shi zai gaya mata.

Maganar ɗamara kuwa ba ta jiran sakamakon kowane gwaji. Neofitos ya ɗaura, a gaban kowa, kuma mai goge kada ya yi masa sauri. Allah ya ba ku zaman lafiya.

Gwaggo Evdokiya