Ƙanƙarar Lucjan Ta Koma Rawaya

Pani Otylia,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin in na ci gaba da haɗiye abin nan ni kaɗai, wata Lahadi zan fashe a tsakiyar coci. Ban taɓa rubuto miki ba. Ni ce ma mai karanta filinki ina taɓe baki, ina cewa su waɗannan ba su da 'yan'uwa ne da za su kai kukansu jarida? To yau ga ni a layi.

Mijina Lucjan yana cikin mutanen nan da ke taruwa kowace Asabar a ɗakin ƙarƙashin zauren unguwarmu, su jera sojojin darma a kan tebur, su jefa ɗan ludo, su auna da tef, su yi ta musu har jijiyar wuya ta tashi, sai ka rantse ƙasar gaske za a ci da yaƙi. Dattawa da furfurarsu! Shi Lucjan bai taɓa iya wasan ba, kullum shi ake cinyewa, kuma ko a jikinsa. Abin da ya iya shi ne gina filin da ake yaƙin a kai: tudu, kogi, gada, gidaje. A nan ɗin ma, inda ya yi wa kowa zarra shi ne dusar ƙanƙara.

Hunturu biyu ya kwashe yana gina musu wani fili mai allo huɗu, waɗanda ake haɗawa su zama teburi guda. Ƙauyen da aka haife shi ne a kan duwatsu, wanda yau babu kowa a ciki sai dawa. Ya yi cocin katako, ya yi rijiya, ya yi gidan mahaifiyarsa da rumfar itacen girki. Ƙanƙarar kuwa da garin soda ya yi ta, wannan dai da nake zuba wa kek, ya kwaɓa wani da farin gam na kafintoci ya shafa, sauran ya tankaɗe a kai. Matacin shayina ya ɗauke, har yau bai dawo ba. Ba ya barbaɗawa daga sama kamar mai sa sukari a cincin, yadda sauran ke yi. Gefe ɗaya yake tsayawa, ya riƙa ɗan buga matacin da yatsa yana hurawa a hankali, don ta taru a jikin bango ta fuskar da iska ke zuwa. Mutum mai tsanani ne a kan aikinsa. Kogin nan kaɗai sau uku ya ɓamɓare shi ya sake, wai ruwan bai yi sanyi a ido ba. Ni kuwa ina tsaye da abinci yana hucewa.

A allo na huɗu ne gidan mahaifiyar tasa yake. Yana da wani ɗan sojan darma mai gutsurarren kai, yana ce masa Kofur. Tun ƙanƙarar na da danshi ya ɗauki Kofur ya riƙa danna ƙafafunsa, taki bayan taki, daga ƙofar gidan zuwa rijiya, ya dawo. Ya ce sawun da yake gani ke nan kowace safiya yana yaro, kafin ya tashi uwarsa ta riga ta ɗebo ruwa.

Bazarar da ta wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya rayu, mun gode wa Allah. Amma hannun yana nan a cinyarsa kamar ba nasa ba, magana kuma sai ya yi ta kokawa da kalma ɗaya ni har na gama wanke kwanuka. Yawanci nakan ƙarasa masa don kada ya wahala.

Yanzu ga inda zuciyata ke tafasa. Shugaban ƙungiyar tasu, Kajetan, ba baƙo ba ne. Shi ne babban abokin ango ranar aurenmu, shi ne uban baftismar 'yarmu. Pierogi, ƙullin fulawar nan namu mai nama a ciki, wanda ya ci a gidana in an tara zai cika mota. An gayyace su baje koli a babban zauren gari wata mai zuwa, suka ce filin Lucjan za su kai. Da suka yaye zanen da aka rufe shi, sai suka tarar ƙanƙarar ta koma rawaya. Ban musa ba, na gani da idona. Ta yi rawaya, wani wurin har tana ɓarɓashi.

Amma wa ya tambaye ni? Na sauka ɗakin ne kawai don in ɗauko tabaraun Lucjan da ya bari can, sai na iske Kajetan da wuƙar fenti a hannu, allo uku sun koma katako tsirara, aikin mijina yana cikin bokitin shara. Na huɗun kaɗai ya rage, an jingine shi can gefe an lulluɓe da rigar sanyin Kajetan. Da ya gan ni ko kunya babu, cewa ya yi: "Haba ƙanwata, kada ki kalle ni haka. Tun ranar farko na gaya wa ɗan taurin kan nan soda ta kek ce, ba ta hunturu ba. Dubi nan fa, sai ka ce duk karnukan ƙauyen sun bi layi sun ɗaga ƙafa!" Sauran suka kwashe da dariya, sannan suka ga fuskata suka haɗiye ta. Wai da garin farin dutse zai sake, wanda ba ya canja launi. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa namiji ba, ba kuma zan maimaita a jarida ba. Na ce ya jira mutum ya kwanta ne sannan ya nuna shi ya fi iyawa, don shekara da shekaru hassadar hannun Lucjan ke cin sa. Ya ce allo na huɗun ba zai taɓa ba sai mun yi magana. Wace magana kuma ta rage?

Kowace Alhamis yakan zo ya yi wa Lucjan aski. Zuwa biyu ke nan ina mayar da shi daga bakin ƙofa, na ce maigidan na barci. Ya tsaya da jakar askinsa kamar almuru ya kama shi a hanya, ya juya. Ni nake askin yanzu, duk na yayyanke masa haɓa.

Lucjan bai san komai ba, kuma ba zan bari ya sani ba. Kullum ina gaya masa filinsa na nan yadda ya bar shi, in hannu ya dawo zai je ya ci gaba. Shi dai sai ya kalli taga. Rannan ya yi ta fama har ya fitar da kalma biyu: "Ta... soma?" Na ce me za ta soma, fara tas take kamar jiya ka zuba. Ya rufe ido.

Ga abin da na ƙudura. Zan roƙi maƙwabcinmu motarsa, in je in kwaso allo na huɗu da sojojin Lucjan kaf, in kulle a ɗakin ajiya har ya warke ya gyara abinsa da hannunsa. Su je baje kolinsu da allo uku, su yi wa jama'a bayanin giɓin. Bikin ranar sunan Lucjan, wato ranar waliyyin da ya ci sunansa da muke yi duk shekara, kuma yana tafe, Kajetan bai taɓa fashin sa ba, bana kuwa ba zan ajiye masa kujera ba. 'Yata ta ce na yi tsauri. Ita tana can Kraków, ba ita ke ɗaga shi ta kwantar ba, ba ita ta ga bokitin nan ba. Ki gaya mini gaskiya, Pani Otylia, ni ce mai laifi don na tsare wa mijina abu ɗaya da ya rage masa?

Mai Tsaron Allo na Huɗu, daga Nowy Sącz

*

'Yar'uwa Mai Tsaro,

Sannu da ɗawainiya. Wadda ke ɗaga namiji ta kwantar, ta yi masa aski da hannun da bai saba ba, tana da ikon yin fushi, kuma ba zan ce ki yi haƙuri kawai in rufe shafi ba.

Kajetan ya yi laifi. Bai kamata ya ɗora wuƙa a kan aikin wani ba tare da sallama ba, maganar karnukan nan kuma ba a yin ta a gaban matar majinyaci, ko da a ce shekara hamsin ana irin wannan barkwanci a ɗakin. Yana da bashin ban haƙuri a kansa, ki kuma karɓa in ya kawo.

Sai dai a kan soda yana da gaskiya. Na tambayi wani ƙanen mijina mai irin wannan sha'awa, ya ce abin da suka sha gani ke nan: a ɗaki mai laima takan juya launi, ta riƙa zubewa, in an shafe ta da farin fenti kuma sawun da kike so ne zai fara cikewa. Ɗakin ajiyarki ba zai tsayar da ita ba. Batun hassada kuwa ban saye shi ba. Mai hassada da allo na huɗu zai fara. Wannan ya share uku, ya zo kan gidan uwar abokinsa hannunsa ya ƙi, ya tuɓe rigarsa a ɗaki mai sanyi ya rufe shi. Ke kika rubuto mini haka, ba ni na ƙirƙira ba.

Yanzu ga wadda za ta yi miki ɗaci. Ke da Kajetan kuna ta ja-in-ja a kan kayan Lucjan kamar masu rabon gado, alhali mutumin yana zaune a kujerarsa yana kallon taga. Shi bai tambaye shi ba, ke ma ba ki tambaye shi ba. Hannunsa ne ya shanye da harshensa, hankalinsa na nan. Mutumin da ya kwaɓa sodar nan da kansa, aka kuma gargaɗe shi tun ranar farko, ya san abin da ke zuwa. Da ya ce miki "ta soma?", abin da yake tambaya ke nan. Ya sha wahalar fitar da kalma biyu, kika ba shi amsar da ake ba yaro.

Na san dalilinki. Muddin allon na kulle yana jiran hannun dama, ba sai kin tsaya kin dubi yiwuwar hannun ba zai dawo kamar da ba. Ni ba likita ba ce, ina kuma roƙon Allah ya dawo da shi. Amma kada ki sa mijinki zaman jiran abin da ba ke ce mai bayarwa ba, ki kuma hana shi abokin da ke sa shi dariya.

Ga abin da za ki yi. Alhamis mai zuwa ki buɗe wa Kajetan ƙofa, ko don haɓar bawan Allah ta huta. Motar maƙwabcin nan ki roƙa ɗin, amma ku biyu za ku ɗauko allon, ku ɗora shi a teburin kicin da rana tsaka, inda haske zai nuna rawayar sarai. Kajetan ya faɗi abin da ya yi wa sauran ukun da bakinsa. Sannan ku duka ku yi shiru. Kada ki ƙarasa masa kalma ko ɗaya, ko da miyar za ta ƙone.

In ya ce a bar shi, to an gama magana: a fesa masa banish marar ƙyalli don ɓarɓashin ya kama jikinsa, ya zauna a gida inda babu laima, 'yan ƙungiya su gina wani na huɗun. In kuwa ya ce a ɓamɓare, kuma ki shirya jin haka daga mutumin da ya rushe kogi sau uku, kada ki yi kuka a gabansa. Kajetan ya shafa gam, ke ki riƙe matacin shayinki da ya daɗe bai dawo gida ba, Lucjan ya nuna muku ta inda iska ke zuwa, ya buga da yatsan hagu. Ku buɗe taga saboda ƙurar garin dutsen, kuma kowa ya kawo shawarar niƙaƙƙen gilashi don ƙyalli ki kore shi, ba a gidan majinyaci ba.

Kofur kuma ki nemo shi tun yau, ki sa a aljihun rigar girkinki. Danna ƙafar sojan darma a ɗanyar ƙanƙara babban yatsa ɗaya yake buƙata, kuma Lucjan yana da shi a hagu. Sawun zai iya fitowa a karkace, amma shi kaɗai ya san hanyar gidan nan zuwa rijiya.

Ki ajiye wa Kajetan kujerarsa ranar bikin sunan Lucjan, ki rage masa pierogi in kina so ya gane kurensa. Allah ya ba Lucjan lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Taki,
Otylia