Dakashin da Kika Zubar

Inna,

Gaisuwa da fatan Allah ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da ranki ma sai kin nemi mai karanta miki, ni kuwa ban isa in faɗa miki haka ido da ido ba.

Labarin gida: tumatir ya yi kyau bana, kanal cike da ruwa, shinkafa da waken da nake sayar wa 'yan lodi ba ta kai azahar. Autarki Ladidi kuma ta haihu, namiji, a asibitin Kura. Tun ba a gama goge shi ba malamar asibiti ta manna mata shi a ƙirji. Wai ruwan nan mai kauri, rawaya, dakashin da kike cewa dafi ne, shi ne abincin farko kuma kariya daga cuta. Wai ɗan ɗigon nan ya ishi cikin jariri, tsotson ne ke kiran sauran. Ranar kwana uku nono ya sauko har yana jiƙa mata zani. Inna, ki ga kumatun yaron nan!

Na yi barka, na yi guɗa, na dama mata kunun kanwa da hannuna. Amma duk sanda ta ɗaga riga sai in juya ina gyaran ɗankwali. Kishi nake, ba zan yi miki ƙarya ba.

Kin tuna nawa jaririn? Ke ce ungozomar unguwa, wa zai yi miki musu? Kika tatsi dakashina a ludayi, kika jefa tururuwa, ta kasa fita, kika ce nonona mugu ne. Inna, wace tururuwa ce za ta fita daga abu mai danƙo haka? Ko a zuma kika jefa ta ai nan za ta tsaya. Aka ɗura masa madarar akuya da ruwan kanal, ni ina bayan ɗaki ina matse nawa a ƙasa. Gudawa ta ɗauke shi bai kai suna ba.

Na san kwanansa ne ya ƙare, na san da ƙauna kika yi. To amma ni 'yar fari, ko sunana ba kya kira don kunya, Ladidi kuwa a cinyarki ta girma. Yanzu har rasuwarki ita ta yi wa rana. Astagfirullah. Na rubuta, ba zan goge ba.

Ina da ciki, ya tsufa. Ƙanwarki Gwaggo Asabe har ta wanke ludayinki tana jira. Na ce mata da saura sosai, alhali na gama magana da direban da ke ɗaukar kwanduna: ciwo na tasowa, sai Kura.

In mace ce sunanki zan sa mata. Kuma tun ɗigon farko za ta sha, Inna, ba sai tururuwa ta yarda ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haɗa ki da jikanki.

'Yarki ta fari,
Sa'adatu